Ƙauyen Manoma a Tsibirin Jawa: Gona Kaɗan, Hannaye da Yawa

Tsibirin Jawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasar Indunusiya ba, amma fiye da rabin jama'ar ƙasar a kansa suke zaune, mutum wajen miliyan 150. Abin da ya ba shi ikon ɗaukar wannan taro shi ne ruwan sama mai yawa da kuma duwatsu masu aman wuta da suka jeru a tsakiyarsa, waɗanda tokarsu ke sabunta ƙarfin ƙasa. Dutsen Merapi da ke kusa da birnin Yogyakarta ya hallaka mutum fiye da 300 a shekarar 2010, duk da haka manoma da yawa sun koma gindinsa, domin albarkar ƙasar wurin ba a samunta ko'ina.

Wanda ya hango ƙauyen Jawawa daga nesa ba gidaje zai fara gani ba, sai dunƙulen itatuwa a tsakiyar fadamun shinkafa. A ƙarƙashin inuwar kwakwa da ayaba da mangwaro da gora gidajen suke, masu rufin jan tayil na yumɓu, tare da ƙaramin masallaci, domin mafi yawan mutanen Musulmi ne. Ƙasar ƙauye iri uku ce. Akwai sawah, fadamar shinkafa mai ban ruwa, wadda ita ce sarauniyar dukiya. Akwai gonar tudu inda ake shuka masara da rogo da gyaɗa da waken soya. Sai lambun da ke kewaye da gida, wanda uwargida ke tsinko barkono da ganyen miya daga cikinsa ba tare da ta taɓa kuɗin cefane ba. Inda ruwa ya wadata ana girbe shinkafa sau biyu a shekara, wani wuri har sau uku.

Matsalar ita ce gonar ƙarama ce ƙwarai. Mafi yawan manoman Jawa ba su da ko rabin hekta, gidaje da yawa kuma ba su da ko taki ɗaya na fadama, ƙwadago suke ci. Gado yana ƙara tsattsaga abin da ya rage. Wasu iyalai suna ba namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, wasu kuma suna raba wa 'ya'ya daidai wa daida, sau da yawa tun iyaye suna raye don gudun rigima. Mace tana riƙe da gonar da ta gada ko bayan ta yi aure, abin da miji da mata suka tara tare kuwa na su biyun ne, ana raba shi in an rabu. A 1960 gwamnati ta kafa dokar ƙasa da ta tanadi rajista da takardar mallaka, amma shekaru da dama bayan haka hujjar manomi ba ta wuce tsohon kundin da ke ofishin dagaci ba. Sayar da fadamar gado abu ne mai nauyi a zuciya. In buƙata ta matsa, sai a fara da akuya ko saniya ko zinaren uwargida, in abin ya ƙi, a jinginar da gonar da fatan fansa.

To, yaya gidan da ba shi da gona ke samun shinkafa? A nan ne hikimar ƙauyen take, kuma ta cancanci a dube ta da kyau. Mai gona yana iya ba wani ya noma a raba amfani biyu, ko manomin ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, gwargwadon wanda ya ɗauki nauyin iri da taki. Mafi muhimmanci kuma shi ne tsohon tsarin girbi da ake kira bawon. A da, ranar girbi ba a hana kowa shiga gona. Mata za su fito tun da sassafe, kowace da 'yar wuƙa da ake kira ani-ani, wadda ke ɓoyuwa cikin tafin hannu, a danna zangarniya ɗaya da yatsa a kan kaifinta a yanke, sannan a kama ta gaba. Aiki ne mai cin lokaci, amma jinkirin nan shi ne ya buɗe wa mata masu yawa ƙofa. Da yamma kowace za ta kai dammanta gidan mai gona a cire mata kasonta, dangi da maƙwabta kuma sun fi bare samun kaso mai tsoka. Bazawara ko matar talaka tana iya tara abincin watanni ta wannan hanya.

Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Shugaba Suharto ta shigo da sabon irin shinkafa mai gajeren kara da takin zamani, har ƙasar ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984. Nasara ce ta gaske, ba a musu. Sai dai lauje ya maye gurbin 'yar wuƙar, masu gona da yawa suka koma sayar da shinkafa tun tana tsaye ga dillali, shi kuma ya zo da 'yan ƙwadagonsa kaɗan, injin casa ya ƙwace aikin matan da ke sussuka a turmi. Rumbun ƙasa ya cika, amma matalautan mata ne suka biya mafi yawan kuɗin wannan ci gaba, kuma ba kasafai ake ambatarsu ba in ana yabon wancan zamani.

Ƙauyen da kansa yana da gonaki. Ana ware fadama mai kyau, bengkok, a ba dagaci da mataimakansa su ci amfaninta muddin suna kan muƙami; a da wannan ne madadin albashinsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa zaɓen dagaci ke yin zafi. Akwai kuma mai kula da rabon ruwa, wanda ke tsara ranar da za a buɗe wa kowace gona magudana, aikin da ke neman adalci musamman da rani. Ginin gida da gyaran hanya aikin gayya ne, mata suna da adashinsu, haihuwa ko rasuwa ko girbi kuma ba sa wucewa sai an yi walimar slametan, maƙwabta su zauna kan tabarma a yi addu'a, kowa ya tafi gida da ƙunshin abinci. Wata al'ada mai ban sha'awa ita ce ta jimpitan. Kowane gida yana rataye ɗan gwangwani a bakin ƙofa, da maraice a zuba masa shinkafa ɗan tsunkule ko 'yan kwabbai. Masu sintirin dare su bi gida gida suna juyewa, abin da aka tara ya tafi ga fitilun unguwa ko taimakon mabuƙaci. Ta haka kuma ake tabbatar da cewa masu gadin sun taka kowace ƙofa.

Tafiye-tafiyen manomi na da kasuwa ke tsara su. Jawawa suna da mako na kwana biyar, Legi, Pahing, Pon, Wage da Kliwon, kasuwannin karkara kuma suna ci bisa wannan zagaye. Mata su ne ƙashin bayan ciniki, suna goya kwando a baya da zane, su kama hanya kafin asuba. Keken doki da keken hawa sun yi zamaninsu. Yau babur ne ke ɗaukar komai, buhun taki, ciyawar shanu, 'yan makaranta.

Doguwar tafiya ma ba baƙuwa ba ce. Turawan mulkin mallaka na Holan sun fara kwashe Jawawa zuwa Lampung da ke tsibirin Sumatra a 1905, sun kuma kai fiye da mutum 30,000 ƙwadago ƙasar Suriname a Kudancin Amurka tsakanin 1890 da 1939, inda jikokinsu suke har yau. Yanzu matasa da ƙafarsu suke tafiya, wasu aikin gini ko masana'anta a Jakarta da Surabaya, wasu Malesiya, mata da yawa kuma aikin gida a Saudiyya, Hong Kong ko Taiwan, su bar 'ya'ya a hannun kaka. Kuɗin da suke aikowa shi ke fanso gonar da aka jinginar, ya mai da bangon gora na bulo. Watau ana barin ƙauye ne domin gonar ta zauna a hannun gida. Shi ya sa ƙaramar salla ke girgiza tsibirin gaba ɗaya: miliyoyin mutane su ɗunguma gida a jirgin ƙasa da bas da babur, su durƙusa gaban iyaye neman gafara, su ziyarci kaburburan kakanni.

Tun 2015 gwamnatin tsakiya take tura kuɗi kai tsaye ga kowane ƙauye, kuma kaso mai yawa ya tafi ga shimfiɗa hanyoyin siminti da gadoji. A ƙarshen 2018 babbar hanyar mota mai kuɗin shiga ta haɗa Jakarta da Surabaya. Ta rage wa ɗan ci-rani sa'o'i masu yawa, amma a wurare da dama ta bi ne ta tsakiyar fadamun shinkafa, kuma iyalin da ya karɓi diyya yakan tarar farashin gonar da ke kusa ya tashi kafin ya sami wadda zai saya.