Albashin Legas, Zaman Mashi: Lissafin Da Ya Kamata Mai Aiki Daga Gida Ya Yi

Tun da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020, kamfanoni da yawa suka gano cewa akwai ayyukan da ba sai ma'aikaci ya zo ya zauna a gaban maigidansa ba. Mai rubuta manhaja, mai fassara, mai zane, akanta da mai sauraron koken abokan ciniki duk suna iya sauke nauyinsu daga ɗaki, muddin akwai kwamfuta da intanet. Da ma'aikatan Turai da Amurka suka ga haka, sai wasunsu suka tattara nasu ya nasu suka bar biranen da haya ke cinye albashi, suka nufi matsakaitan garuruwan bakin teku masu sauƙin rayuwa. Ƙasashe kuwa suka shiga zawarcinsu. Barbados ta fito da izinin zaman shekara guda domin irin waɗannan baƙi a 2020, Cape Verde ta bi sahu a ƙarshen shekarar, sannan a 2021 tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal ya ware garin Ponta do Sol ya zama masaukinsu.

Mu a Mashi ba mu da teku, kuma ba teku ce ta kai su can ba. Abin da ya kai su shi ne tazarar da ke tsakanin inda ake samun kuɗi da inda ake kashe su. Wannan lissafi kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ya fitar da fatake zuwa Gwanja neman goro, shi ke fitar da samarinmu cin rani zuwa Legas da Fatakwal da zarar an gama girbi, su nemo a can su dawo su ci a nan. Bambancin yau shi ne mai sana'ar da ake yi ta kwamfuta yana iya nemowa a can alhali yana kwana a ɗakinsa.

Ribar a fili take. Wanda ya taɓa kama ɗaki a Legas ya san ana biyan hayar shekara a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga na yarjejeniya, ga kuɗin mota kullum da sa'o'in da ke ƙonewa a cunkoso. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsananta. A Mashi ko Daura, abin da aka biya na ɗaki guda a can yana iya kama wa mutum gida sukutum, in ma ba a gidan gado yake zaune ba. Hatsi na kusa da gona, iyaye na kusa da ido, yara na tashi cikin dangi. In kuma da dala ake biyan mutum, sakin farashin naira da aka yi a watan Yunin 2023 ya sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a can ya zama kuɗi mai kauri a nan.

Sai dai araha ba ta ado. Abin da gari mai sauƙi ya rage maka a haya, yana karɓar wani kaso nasa ta wasu ƙofofi uku, kuma wanda bai ƙirga su ba tun farko zai dawo yana cizon yatsa.

Ƙofa ta farko wuta ce. Kamfanin KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kuma tsarin da ake bi a ƙasar ya kasa layuka rukuni-rukuni. Rukunin farko, wanda aka yi wa alkawarin aƙalla sa'a 20 a rana, aka kuma ɗaga masa farashi zuwa naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, galibi a manyan birane yake. Don haka mai aiki daga ƙaramin gari ya ɗauka cewa shi ne kamfanin wutar kansa: faifan sola, batir da inbata. Rana dai muna da ita har ta yi yawa, amma tana da sharaɗi. Da hunturu ƙura kan lulluɓe faifan cikin kwana biyu, cajin ya ragu, sai an hau an goge da tsumma mai laushi. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura maki 40, kwamfutar da aka ɗora a kan katifa takan ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar taro, batirin da aka ajiye a ɗaki marar iska kuma ya yi saurin lalacewa. Teburi, inuwa da 'yar fanka suna cikin jarin wannan aiki.

Ƙofa ta biyu sabis. A nan ne teku ta shigo cikin zancenmu ko mun ƙi ko mun so, domin mafi yawan intanet ɗin da muke amfani da shi ta wayoyin ƙarƙashin teku yake shigowa, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 da Equiano na kamfanin Google da ya sauka a Legas a 2022. Daga nan sai ya ratso ƙasa fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso mu. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka wuni cikin tangarɗa. Mu kuma muna da namu na gida: a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni a haka. A ƙauyukan bakin iyaka ma waya takan kama sabis ɗin Nijar ba da sanin mai ita ba. Darasin shi ne kada a dogara da layi ɗaya. A riƙe layukan kamfanoni biyu, a gwada su a ainihin ɗakin da za a yi aikin, da safe da kuma bayan isha lokacin da kowa ya hau. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, yana raba mutum da dogaro da turakun sadarwa, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne, sai dai in 'yan sana'a sun haɗa kai sun kama shago guda.

Ƙofa ta uku hanyar karɓar kuɗi. Kafin a karɓi aikin waje, a tambayi yadda za a biya, ko ta asusun dala na banki ko ta kamfani irin Payoneer, a kuma san abin da za a zaftare a hanya. A tuna da haraji ma: sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta yafe wa naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara, amma mazaunin Najeriya yana biya a kan abin da ya samo ko daga ina ya fito.

Bayan waɗannan akwai lokaci da jama'a. Agogonmu ya yi kusa da na Turai, tazarar ba ta wuce sa'a ɗaya tsakaninmu da Landan ko Faris. Amma ƙarfe 9 na safe a New York ƙarfe 2 ko 3 na rana ne a nan, wato aikin zai ratsa la'asar da magariba da isha. Gara a faɗa wa masu aikin lokutan salla tun ranar farko. A gida kuma, wanda aka gan shi zaune ana ɗaukarsa marar abin yi. Yana tsakiyar magana da wani a Jamus za a yi sallama, a ce, "Yaya, Baba ya ce ka zo ka kai Inna asibiti, tunda kana gida." Wani maƙwabcin kuma ya fara raɗa cewa ɗan damfara ne, tunda ba a ga shagonsa ba. Maganin duka biyu ɗaya ne: a zauna da manya a yi musu bayani dalla-dalla, a nuna musu aikin, a sa lokacin buɗewa da na tashi kamar kowane ma'aikaci.

Duk wannan magana ce ta wanda ya riga ya iya wani abu da ake saye. Zama a gida ba sana'a ba ce. Wanda ya gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura yana da tushe, akwai kuma shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka fara a 2023 domin horar da matasa miliyan uku. Harshenmu kansa jari ne, domin ana neman masu fassara da masu mayar da murya rubutu da Hausa mai kyau. Abin gudu shi ne duk “aikin” da za a ce sai ka biya kafin ka fara, ko ka kawo mutane a ƙarƙashinka. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM a 2016 da CBEX a 2025 sun ɗanɗana kuɗarsu.

Wanda kuwa ransa ke son bakin tekun da gaske, ba sai ya nemi bizar Turai ba. Kalaba na da unguwar Hausawa ta Bogobiri, Takoradi da Lome da Kwatano duk suna da zango, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Najeriya damar zaman kwana 90 a ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba. Lissafin dai ɗaya ne: haya, wuta, sabis, sai a ƙara da kuɗin motar zuwa gida duk lokacin da aka yi suna ko rasuwa.

Mashi na kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In ya kammala, zama a nan da leƙa birni lokaci-lokaci zai ƙara sauƙi. Kafin nan, shawara ga mai niyyar dawowa ita ce kada ya saki ɗakinsa na birni tukuna. Ya zo ya yi wata guda cur yana aiki daga gida, ya rubuta duk abin da ya kashe a data da fetur da gyara, da duk taron da ya kuɓuce masa saboda sabis, ya ajiye kuɗin cefanen wata uku a gefe saboda ranar da kwangila za ta yanke. In lissafin ya fita bayan haka, sai ya ɗauko kayansa.