In rezo ya tsinke a Sae Sabuwa, ina matsalar take?

Mu da ke aikin rediyo, kusan kullum sai mun ji wannan kuka. Mai sauraro daga Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji, ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp tun da hantsi, bai iso mana ba sai bayan mun rufe shiri. Jama'a kan ɗora laifi a kan antenar da suke hange a bakin gari. To amma antena ƙofa ce kawai. Daga nan saƙon zai bi layin fibar optik, ya ratsa ɗakunan na'urori a Maraɗi da Yamai, kafin ya fita duniya.

A cikin ɗakunan nan akwai na'urori biyu da komai ya rataya a kansu. Ta farko ita ce ruta, wato mai raba hanya. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ya dubi fasinja, ya san motar da za ta kai shi. Ta biyu ita ce suwic, mai haɗa layukan cikin gida. In kamfani ya sayi ƙarama don arha, ranar kasuwa sai cunkoso. Su Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom, wanda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom, kowa sai ya yi wannan zaɓi.

Me ya kamata a duba? Na farko, faɗin ƙofa. Akwai ƙofofi masu ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa, akwai masu 100, akwai masu 400. Mai hankali yakan sayi wadda za a iya ƙara mata ƙofofi, domin masu kallon bidiyo a salula ƙaruwa suke yi.

Na biyu, ƙwaƙwalwa. Rutar da ke bakin iyakar kamfani tana riƙe da jerin hanyoyin intanet na duniya, waɗanda yau sun kai kimanin miliyan guda. A ranar 12 ga watan Agusta 2014 jerin ya haura kimanin dubu 512, tsofaffin na'urori da dama suka kasa ɗauka, intanet ya yi ta tsinkewa a ƙasashe daban-daban. Haka kuma dole na'urar ta iya aiki da sabon tsarin adireshi na IPv6, tunda tsofaffin adireshin da hukumar AFRINIC ke rabawa a Afirka sun kusa ƙarewa.

Na uku, hanya fiye da ɗaya. Nijar ba ta da teku, ta ƙasashen maƙwabta intanet ɗinmu ke shigowa. A ranar 14 ga watan Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu sun lalace a gaɓar Kodibuwa, mu ma abin ya taɓa mu. Rutar kirki da kanta take karkata kaya zuwa wata hanya in ɗaya ta mutu, matuƙar kamfanin ya tanadi ta biyun.

Na huɗu, wuta da yanayi. Layin lantarkin da ke fitowa daga Katsina ta Gazawa yake shigowa jaharmu, kuma ba mu manta da yadda Najeriya ta yanke shi a watan Agusta 2023 ba. Don haka a zaɓi na'ura mai mashigar wuta biyu, a haɗa ta da batura da sola. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Na ƙarshe, waye zai gyara? Cisco da Juniper na Amurka, Huawei na Sin, Nokia na Finlan, MikroTik na Latbiya mai sauƙin kuɗi, duk suna kasuwa. Amma na'urar da sai an jira injiniya daga waje, ko an yi makonni ana jiran kayan gyara, tsadarta ta ninka.

Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, mai biyan kuɗi ya samu wani zaɓi. Manomin aya na Agye da ke neman farashin kasuwa, da uwar da ke jiran aiken ɗanta daga ci-rani, ba ruwansu da sunan na'ura, saƙo ya iso kan lokaci suke so. Muna kira ga kamfanoni da hukumar ARCEP mai sa musu ido da su tuna da mutanen karkara a duk lokacin da za a sayi kayan aiki. Allah ya sa a ji.