FILIN MATA: In Idon Mota Ya Yi Yana

Maganarmu ta wannan mako a kan mota take, amma kada wata ta ce ba fagenmu ba ne. Duk wadda ta taɓa wanke gilashin fitilar ƙwai ta sani, kome kyan lagwani, in gilashi ya yi baƙi ɗaki duhu ne. To, haka fitilar mota take. Motar nan kuwa ita ke ɗaukar maigida da yara, wata ma ke da kanki kike tuƙa ta.

Motocin dā, irin su Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, fuskar fitilarsu gilashi ce. Tana fashewa, amma ba ta zama rawaya. Motocin yanzu kuwa, fuskar fitilarsu wata irin roba ce mai tauri. A masana'anta akan shafe ta da wani abu garai-garai domin ya kare ta daga rana. Yau da gobe rana ta cinye wannan shafi, ƙurar hunturu ta kankare saura, sai robar ta yi dusu-dusu, ta koma ruwan ɗorawa.

Kada ku ɗauka muni kawai ne. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, watau AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu, ta tarar haskensu kashi 22 ne kacal cikin 100 na hasken sabuwa. Da aka goge su, sai ya komo wajen kashi 70. Ku 'yan makaranta, ga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. In saniya ta gitta, ko yaro mai keke, direban da bai hango da wuri ba, ina zai sami sararin taka birki?

Kafin kome, sai ki duba inda ciwon yake. Shafa yatsa a kan fitilar. In kin ji kaushi, a waje yake, kuma kina iya maganinsa. In kuwa wajen sumul ne, amma kina hango raɓa ko ɗigon ruwa daga ciki, to, ciwon a ciki yake, wannan sai makaniki.

In yanar ba ta yi kauri ba, ga abin da za ki tanada: ruwa a bokiti, da sabulu, da tsumma mai laushi guda biyu, da tef na takarda irin na masu fenti, da makilin, watau man goge baki, farin nan, ban da mai kama da zuma. Ki sa a ajiye motar a inuwa, fitila a kashe, ta huce. Wanke fitilar da sabulu, ki tsane ta. Kewaye gefenta da tef don kada ki ɓata fenti. Sa'an nan ki matsa makilin a tsumma mai danshi, ki riƙa gogawa kina zagayawa, kamar minti biyar. Ɗauraye, ki share da busasshen tsumma. Dalili kuwa, a cikin makilin akwai wani gari mai taushi da ke kankare dattin haƙori, shi ne ke kankare yanar.

In rawayar ta kama sosai, makilin ba zai isa ba, sai sanfefa, irin wadda ake aiki da ita da ruwa. Masu sayar da fentin mota suna da ita. Ki sayi lamba 800, da 1500, da 3000. Ƙaramar lamba ita ta fi kaushi, da ita ake farawa. Jiƙa su cikin ruwa minti goma. Ki goga ta fari daga dama zuwa hagun, ta biyu daga sama zuwa ƙasa, ta uku kuma daga dama zuwa hagun, kina yayyafa ruwa ba fasawa. Za ki ga ruwa mai rawaya yana gangarowa, fitilar kuma ta yi fari fat kamar madara. Kada gabanki ya faɗi, haka ake so. Da kin bi ta da man goge mota sai ta washe. Sannu ba ta hana zuwa, kowace fitila ki ba ta kamar rabin awa.

Yanzu ga inda yawanci ake yin sake. Gugar nan ta tafi da sauran shafin masana'anta, robar ta zama tsirara a gaban rana. In kin bar ta haka, cikin 'yan watanni rawayar za ta komo. Saboda haka lalle ki nemi ruwan kariya na fitila a shagon kayan mota, wanda aka rubuta UV a jikinsa. Ki shafa shi bayan fitila ta bushe sarai, ki bi abin da takardarsa ta ce, kada ruwa ko ƙura su taɓa shi sai ya kama.

Akwai abubuwan da za ki yi nesa da su. Toka da yashi da soson ƙarfe na tukunya ne, a kan roba sai su bar zane. Tina, da ruwan goge jan farce, da maganin sauro na shafawa a jiki, suna narka fuskar robar. Za ta yi ƙyalli nan take, bayan kwanaki ta lalace fiye da dā. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Daga nan sai kiyayewa. A riƙa ajiye mota a rumfa ko gindin itace, in babu, a juya gabanta ga barin rana. Da hunturu a zuba ruwa kafin a share ƙura, domin busasshen tsumma a kan ƙura sanfefa ne. Ranar da babu makaranta ki kira 'yan matanki ku yi tare, su ma su koya.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya komo da matafiyanmu gida lafiya. Sai mako mai zuwa.