Busasshiyar Ƙanƙara: Kwana Nawa Take Yi?

A bazara, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi a Damagaram yakan wuce awo 40. Mahaucin da ya yanka akuya da safe a kasuwar Dole ya san in bai sayar ba kafin la'asar, nama ya fara canja wari. Mai nono da ta taso daga ruga ita ma hankalinta ba a kwance yake ba. Mai tumatir daga lambunan Gidimuni kwana uku ne iyakarsa. Kowa sanyi yake nema.

Ƙanƙarar da aka sani ita ce ta ruwa, wadda ake daskarwa a firji a sayar cikin leda. Amma akwai wata wadda matafiya da ma'aikatan lafiya ke kawo labarinta. Fara ce fat, tana hayaƙi, ba ta jiƙa buhu. Ana ce mata busasshiyar ƙanƙara. Wasu suna zaton tana yin wata guda ba ta ƙare ba. Ba haka ba ne.

Ita ba ruwa ba ce. Iska ce, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, irin wadda ke tashi in an buɗe kwalbar lemo. A masana'anta ake matse ta har ta daskare ta yi tauri kamar kanwa. Ruwa yana daskarewa a awo 0. Ita kuwa sanyinta ya kai awo 78 ƙasa da sifiri. Ba ta narkewa ta zama ruwa. Komawa iska take yi, ta ɓace, a buɗe akwati a tarar ba kome.

To kwana nawa take yi? In an ajiye ta a fili, awa uku zuwa biyar ta tafi. In an sa ta a akwatin sanyi irin na masu sayar da ruwa, tana raguwa da kilo 2 zuwa 4 daga safiya zuwa wata safiya. Wato kilo 5 kwana ɗaya ne, in akwatin mai kyau ne kwana biyu. Wanda ke buɗe akwati kowane lokaci yana dubawa, shi ke kashe ta da hannunsa. Babban dunƙule ya fi ƙananan gutsattsari daɗewa. Akwati cike ya fi wanda rabinsa wofi ne, shi ya sa ake cike sauran wurin da takarda ko tsumma. Kuma a bisa abinci ake ɗora ta, don sanyi ƙasa yake sauka.

A lissafa hanya. Daga Yamai zuwa Damagaram kilomita wajen 900 ne, tafiyar yini guda. Kafin mota ta iso tasha, rabin kayan ya riga ya bi iska, alhali an biya kuɗinsa duka. Daga nan kuma sai a kama hanyar Tanut ko Magarya. Ga talaka wannan ciniki ba riba.

Masu dukiya da kayan aiki su ne ke morarta. A shekarar 2021, lokacin cutar korona, kamfanin Pfizer ya riƙa aika allurarsa ƙasashen duniya cikin wani akwati na musamman mai kauri, da busasshiyar ƙanƙara fiye da kilo 20 a ciki. In ba a buɗe shi ba yana yin kwana 10. In an fara buɗewa, sai an ƙara sabuwa duk kwana 5. Sauran allurai masu yawa, na yara da na bisashe, ba sa son irin wannan sanyi. Tsakanin awo 2 da 8 suke so, kuma wasunsu in sun daskare sun lalace. Shi ya sa malamin dabbobi ke yawo da akwati mai ƙanƙarar ruwa. Makiyayin da ya sayi allurar da ta yini a rana bisa teburin kasuwa, ya yi asarar kuɗi, garke kuma bai tsira ba.

Akwai haɗari. Wanda ya riƙe ta da hannu tsirara, tana ƙona fata kamar garwashi. Da tsumma mai kauri ake ɗaukarta. Ba a sa ta a baki, ba a jefa ta a furar yaro. Ba a rufe ta cikin kwalba ko jarka, don iskar za ta kumbura ta fasa abin a fuskar mutum. Kilo 1 kaɗai yana ba da iskar da ta fi duro biyu. Wannan iska ba ta da wari, ta fi wadda ake shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya. In an kwana da ita a ɗaki rufe, yaron da ke bisa tabarma shi za ta fara kamawa. Haka cikin mota mai rufaffun tagogi: direba ya ji ciwon kai da haki, ya buɗe nan da nan.

Ko firji ma ba a dogara gare shi. A watan Agusta na 2023 an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a maido ta ba sai Maris na 2024, masu ƙanƙara sun ji a jikinsu. Ƙauyuka da yawa kuwa ba su taɓa ganin wutar ba.

Mai kayan lambu yana da wata dabara mai arha. Wani malami a Jihar Jigawa, maƙwabciyar Damagaram, mai suna Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta, har aka ba shi kyauta ta duniya a shekarar 2000. A samo tukunya babba da ƙarama, irin waɗanda maginan Miriya ke yi. A sa ƙaramar cikin babbar, a cike tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A zuba ruwa safe da yamma. Gauta da tumatir masu lalacewa a kwana uku suna kai mako biyu zuwa uku. Da rani ta fi aiki. Da damina, da iska ke da laima, ƙarfinta yana raguwa.

Amma tukunya ba ta ɗanyen nama ba ce, sanyinta bai kai ba. Naman da ya fita daga ƙanƙara ya yi ɗumi, a dafa shi nan take, kada ya wuce awa ɗaya a zafin bazara. Abin da ya yi saura a yanyana shi a shanya, ko a yi kilishi, ko a soya da mai da gishiri yadda mata ke yi da naman layya. Nono kuma a yi cuku, wanda ke yin watanni cikin jakar makiyayi.