Kafin a Tura wa Masoyin Ƙetare Kuɗi

A watan Disamba na 2024 jami'an EFCC suka dira wani bene a unguwar Victoria Island ta Legas, suka kama mutum 792 a samame guda, cikinsu har da 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40. Abin da aka tarar a benen tebura ne a jere, da kwamfutoci, da tarin layukan waya, da matasan da aka ɗauka aiki aka koya musu yadda ake shiga ran baƙo a WhatsApp da Instagram da sunan soyayya, har ya saki jiki ya zuba dukiyarsa a harkar kirifto ta bogi. Ke nan wanda yake turo miki "barka da asuba, sarauniyata" kullum da sassafe, mai yiwuwa a bakin aikinsa yake, akwai albashi, akwai shugaba a kansa, kuma irin saƙon nan ya tura wa mata da dama kafin ya kai kanki.

Da yawa a cikinmu suna ɗauka 'yan yahu Turawa kaɗai suke ci. Gaskiya ne can ne asarar ta fi fitowa fili, domin suna kai ƙara ana lissafawa. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ce a 2022 kusan mutum 70,000 suka kai mata ƙarar damfarar soyayya, asararsu ta kai dala biliyan 1.3. A farkon 2025 aka ji labarin wata mata a Faransa da ta yi asarar yuro 830,000 saboda an sa ta yarda jarumin fim Brad Pitt ne yake sonta, ana turo mata hotunansa na ƙirƙira kwance a gadon asibiti. Mutane sun yi ta yi mata dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Kaɗaici ba ya tambayar ilimin mutum, kuma mu nan ba mu fi ƙarfinsa ba. Bambancin kawai namu ba sa kai ƙara. Kunya take sa a haɗiye, a ce wa dangi jarin ne ya karye.

Ga yadda abin yake tafiya a wajenmu. A ce bazawara ce mai yara biyu, tana tallar atamfa da turaren wuta a Facebook. Sai saƙo ya shigo daga wani dattijo mai kamala a hoto. Ko dai likita ne na Majalisar Ɗinkin Duniya a Yaman, ko injiniya a rijiyar mai a tsakiyar teku, ko kuma, wanda ya fi kama zuciyar matanmu, Bature ne da bai daɗe da musulunta ba, matarsa ta rasu, yana neman mace mai tarbiyya da za ta koya masa addini. Makonni za su wuce bai nemi ko sisi ba. Zai tambayi jikin yaron da ya yi zazzaɓi, ya tuna mata lokacin salla, ya riƙe sunan kowa a gidan. Matar da ta shekara ba wanda ya ce mata "kin ci abinci?" sai ga mai tambaya sau uku a rana.

Daga nan sai kyauta. Ya turo hoton akwati a buɗe: waya sabuwa fil, sarƙar gwal, turare, da ambulan da ya ce ya sa 'yan daloli na lefe. Bayan kwana biyu wata mata mai ladabi ta kira, ta ce daga kamfanin jigilar kaya take a filin jirgin Legas, kaya sun iso, saura kuɗin kwastan, a ce naira dubu tamanin. Me dubu tamanin take a gaban akwatin miliyoyi? Ta ɗauki kuɗin adashi ta je wajen mai POS. Washegari murya ta sauya: na'ura ta gano dala a akwatin, wannan safarar kuɗi ce, in ba a biya kuɗin wata takarda ba za a miƙa sunanta ga hukuma. Yanzu tsoro ne yake karɓar kuɗin. Sai a sayar da ɗan kunne, a taɓa jarin atamfa, a ci bashi wajen ƙawa. Akwatin nan ba a taɓa ɗaure shi ba balle a aiko shi, hoton ma daga intanet aka ɗauko. Da ta dubi lambar asusun da kyau, da ta ga sunan wani mutum ne, alhali kuɗin fito na gwamnati ba a zuba shi a asusun ɗaiɗaikun mutane.

Samari kuma ta ƙofar biza ake shigo musu. Baturiya ce ko 'yar Amurka, wani lokaci soja, ta ƙyalla ido ta ga saurayi a TikTok, za ta ɗauke shi su tafi. Sai dai "lauyanta" yana buƙatar kuɗin cike takardu, ko kuma sai an biya rundunar kafin a ba ta hutu ta zo. Rundunar sojan Amurka ta sha yin gargaɗi cewa sojanta ba ya biyan kuɗi don samun hutu, kuma ba a neman masoyinsa ya biya masa. Wani salon ya fi wannan muni: a ja yaro da hira har ya turo hoton tsiraicinsa, nan take a juye masa da barazanar turawa ga iyayensa da abokansa. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a kaɗai.

Wani zai ce ai an yi auren 'yar ƙetare a Kano. An yi kuwa. A ƙarshen 2020 wata Ba'amurkiya ta auri wani matashin Kano da suka haɗu a Instagram, gari ya ɗauka, kuma tun daga lokacin samari da yawa suke kwana da wannan mafarki. Amma a tuna yadda aka yi: ita ta hau jirgi ta zo da ƙafarta, iyayensa suka gan ta, aka ɗaura aure a gaban jama'a. Ba daga nesa ta zauna tana cewa a turo kuɗin takarda ba.

Dokokin ƙasashen da ake kwaɗayin zuwa ma a kan haɗuwa ido da ido suka tsaya, kuma sanin wannan kaɗai ya isa ya tona asirin mafi yawan maƙaryata. Bizar Amurka ta wanda aka yi wa baiko, K-1, ɗan ƙasar ne da kansa yake shigar da buƙatarta a can, mai katin zama ma ba shi da ikon nema. Sharaɗi ne su kasance sun haɗu a zahiri cikin shekara biyu kafin a nema, sai in an samu wani uzuri na musamman, sannan a ɗaura aure cikin kwana 90 da sauka. Birtaniya ma tana neman shaidar an taɓa haɗuwa, kuma tun Afrilun 2024 sai mai ɗaukar nauyin yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, ga jarrabawar Turanci, ga gwajin tarin fuka ga mai tasowa daga Najeriya. Saudiyya kuwa ɗan ƙasarta ba ya auren baƙuwa a hukumance sai da izinin gwamnati, kuma bizar Umara ba ta zama ba ce, ba ta aiki ba ce. Duk "Balaraben" da ya ce ki taho da bizar Umara a ɗaura a can, hanyar zaman ɓuya da kame yake nuna miki.

Biza hukumomin ƙasar da za a je ne kaɗai suke bayarwa. Ejan na gaskiya iyakarsa ya taya ka cike fom ya nema maka ranar ganawa. Wanda ya ce yana da mutum a ciki, biza tabbas, to ko dai zai gudu da kuɗinka ko ya haɗa maka takardun banki na jabu, kuma in aka gano kai za a hukunta: Birtaniya tana iya hana ka shiga har shekara 10, Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. Cacar bizar Amurka da ake tallatawa a WhatsApp, an cire 'yan Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015, kuma ko ga ƙasashen da ke ciki ba a sanar da wanda ya ci ta imel ko ta waya. Aikin kula da tsofaffi a Birtaniya da mutane suka sayar da filaye domin sa, an rufe ɗaukar sababbin ma'aikatansa daga ƙetare a watan Yuli na 2025. Wata guda kafin nan Amurka ta dakatar da shigar 'yan ƙasashe 12, ciki har da Chadi da Sudan. Duk lokacin da ƙofa ta ƙara ƙunci, kasuwar masu "hanya ta musamman" takan buɗe.

Akwai asarar da ta wuce ta kuɗi. Yarinyar da aka yi wa alkawarin aure ko aiki a ƙetare, aka biya mata jirgi, ta sauka aka karɓe fasfonta aka ce sai ta biya bashin tafiya, ta faɗa hannun masu safarar mutane, kuma saboda irin wannan aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Akwai kuma wanda masoyin zai ce, "Ba ni lambar asusunki, abokin kasuwancina zai turo kuɗi, ki cire ladanki ki tura sauran." Kuɗin wani bawan Allah ne da aka damfara, kuma ranar da bincike ya taso, BVN ɗinki zai nuna, shi kuwa babu ko sunansa.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne mu da ba ma aurar da 'ya sai an yi bincike, a tambayi unguwar mutum da sana'arsa da masallacin da yake salla, sai ga shi waya ta sa muna cinikin biri a sama. Al'adar nan ita ce maganin. Mai son aure da gaske a ce masa ya turo magabatansa. In ya ce yana Landan ko Jidda, ai akwai Hausawa a can, a sa wani ɗan uwa ko limami ya je ya gan shi. A ɗauki hotonsa a saka a Google Lens, sau da yawa za a gan shi da suna uku a shafuka daban-daban. Kiran bidiyo yana taimakawa, amma yanzu da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗora fuska da murya, saboda haka kiran 'yan daƙiƙu mai dishi-dishi ba shaida ba ne. A kuma lura da wanda yake cewa kada a gaya wa kowa tukuna saboda mahassada. Aure da waliyyi da shaidu ake yin sa, sadaki kuma namiji ne yake bayarwa. Manemin da ya fara da raba ki da yayarki da mahaifiyarki, sannan ya miƙo hannu, ya riga ya faɗa miki ko shi wane ne.

In kuwa an riga an tura, kada a ƙara ko kwabo da sunan ceto na baya. A garzaya banki a ranar, domin wani lokaci ana iya tsayar da kuɗin kafin a kwashe. Kada a goge hirar, a adana lambobi da rasit a kai wa EFCC ko 'yan sanda, dokar zamba ta 2006 da ta laifukan intanet ta 2015 duk sun hau kan wannan laifi. A yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai dawo da kuɗin in an ba shi wani abu. Sau da yawa su ne suka sake zagayowa.

Ku kuma 'yan uwa, ranar da ƙanwarku ko ɗanku ya zo da wannan magana, ku ajiye gori da "ai mun faɗa miki". Tsoron bakinku ne yake sa su ci gaba da biya a ɓoye. Ku karɓi wayar ku duba tare, ku raka su banki.