Abin Da Ya Sa Iska Ta Kori Mai A Jirgin Nukiliya

Duk wanda ya saba da manyan motoci ya san birki iri biyu ne, na mai da na iska. Haka ma a jirgin sama: ko dai mai, ko kuwa iskar da aka matse, ɗayansu ke tura ƙarafan da ke sarrafa shi. Masana sun fi son mai, domin iska tana matsuwa, tana kuma kumbura, ga ta da wuyar tsayar da ƙarfe daidai inda ake so.

To, amma a 1957 Amurka ta ƙaddamar da wani shiri mai suna Pluto, na ƙera jirgin yaƙi marar matuƙi, wanda tukunyar nukiliya za ta kora maimakon kananzir. Iska ta shiga ta gaba, ta ratsa tukunyar da zafinta ya haura digiri 1,300 a ma'aunin Selsiyos, ta fice ta baya da ƙarfin tsiya. Nan fa aka ga iyakar mai. Zafi yana ƙona shi, tururin nukiliya kuwa, wanda ido ba ya gani, yana wargaza shi har ya daskare kamar ƙaro. Robar da ke hana yoyo ita ma sai ta bushe ta tsage. Iska kuwa ba ta ƙonewa, ba ta daskarewa, kuma in ta yi yoyo ba gobara.

Saboda haka injiniyoyin ɗakin binciken Livermore suka dogara da injunan iska wajen motsa sandunan da ke rage ko ƙara wutar tukunyar, alhali injunan sun yi jajur kamar ƙarfe a maƙera. Ba ƙaramin al'amari ba ne, domin sanda guda ta maƙale, tukunya na iya narkewa.

An gwada tukunyar farko a hamadar Nebada a watan Mayu na 1961. Ta biyu, Tory-IIC, ta yi minti 5 tana ci da cikakken ƙarfi a 1964, bayan an tara mata iska cikin bututun rijiyar mai masu tsawon mil 25. Injunan sun jure.

Jirgin ne dai bai taɓa tashi ba. Makamai masu linzami sun riga sun gaje aikinsa, kuma an rasa ƙasar da za a gwada shi a samanta ba tare da an watsa wa jama'a guba ba. Ranar 1 ga Yuli, 1964, aka soke shirin.