Tsohuwar Jita da Sabuwar da Aka Tsofar: Me Kimiyya Ta Ce?

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa sayen sabon keke ya san yadda ake yi. Mai saye zai duba shi gaba da baya, ya shafa fentinsa, in ya ga ɗan ƙwarzane ko da bai kai tsawon farce ba, sai ya ce a rage masa kuɗi ko a sake masa wani. To amma a Amurka da Turai da Japan akwai wasu mutane masu kaɗa jita don sha'awa, ba don neman abinci ba, waɗanda al'amarinsu ya saɓa wa wannan. Su ƙara kuɗi suke yi domin a sayar musu da sabuwar jita wadda aka kankare mata fenti, aka tsattsaga mata banishi, aka sa ƙarafunta suka yi tsatsa, har ta zama tamkar wadda ta shekara 60 tana shan hannu. Mai karatu zai iya cewa wannan ai wauta ce ta masu hannu da shuni. Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu bi diddigin abin, domin a cikinsa akwai ilimin sinadarai, akwai kimiyyar sauti, akwai kuma yadda ido kan ruɗi kunne.

Asalin wannan sha'awa

A shekarar 1950 wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, mai suna Leo Fender, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fara ƙera jitar lantarki mai jikin dunƙulallen katako, wato marar kogo a ciki. Ita ce aka sa wa suna Telecaster a 1951, sannan a 1954 ya fito da Stratocaster. Kamfanin Gibson na garin Kalamazoo shi ma ya fito da tasa, mai suna Les Paul, a 1952. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani samfurinta mai launin faɗuwar rana, ja a gefe, rawaya a tsakiya. Guda 1,700 ko kusa da haka aka ƙera, kuma ba ta yi kasuwa ba, sai aka daina yin ta. Bayan 'yan shekaru makaɗin Ingila Eric Clapton ya kaɗa ɗaya daga cikinsu a wani faifai da ya fito a 1966, samari suka ji sautin, suka bazama neman abin da babu shi a kanti. A 1965 kuma kamfanin CBS ya saye Fender a kan dala miliyan 13, daga baya makaɗa da yawa suka riƙa kukan cewa ingancin kayan ya ragu. Daga nan ne tsohuwar jita ta tashi daga kayan hannu ta koma abin nema. Les Paul ɗin da aka sayar ƙasa da dala 300 a 1959, daga baya ta kai dubban ɗaruruwan daloli.

Akwai kuma sha'awar tabon kansa. Makaɗin ƙasar Ailan, Rory Gallagher, ya sayi wata Stratocaster ƙirar 1961 a birnin Cork a 1963 a kan fam 100, ya yi ta kaɗa ta har rasuwarsa a 1995, lokacin da gumi da gugar hannu suka riga suka cinye kusan dukan fentinta. A 2024 aka yi gwanjonta a Landan, ta tashi kusan fam dubu 900. Malamin makaranta ko injiniyan da ke kaɗa jita a ɗakinsa bayan an tashi aiki ba shi da irin wannan kuɗi, amma yana son irin wannan kama. Masu kamfani suka lura da haka. A 1995 Fender ya baje kolin sababbin jitoci da aka tsofar da gangan, ya kira su Relic, kalmar da ke nufin abin da ya saura na zamanin da ya wuce. A 2009 ya fito da masu rahusa da ake yi a Meziko, Gibson kuma ya buɗe sashe na musamman don wannan aiki a 2021.

Abin da shekaru ke yi wa banishi da ƙarfe

Banishin da ake fesa wa jitoci a shekarun 1950 ana kiransa naitiroselulos. Ana samunsa ne ta hanyar sarrafa auduga da ruwan asid na naitirik, kuma a shekarun 1920 aka fara fentin motoci da shi. Ba ya bushewa gaba ɗaya a rana guda. Sinadaran da aka narkar da shi a cikinsu, da waɗanda ke sa masa taushi, suna ci gaba da ficewa a hankali shekara da shekaru, shi kuwa yana ƙara sirancewa, yana ƙara gautsi.

Katakon da ke ƙarƙashinsa kuma ba a zaune yake ba. Ɗalibi ya san yadda ƙofar katako ke kumbura da damina har ta ƙi rufuwa, da hunturu kuma ta yi sako-sako, saboda katako na shan danshin iska yana kuma fitar da shi. Bugu da ƙari, zafi na buɗa abu, sanyi na tsuke shi, amma ba duk abubuwa ne ke buɗewa ko tsukewa daidai wa daida ba. Idan aka fita da jita daga ɗaki mai ɗumi zuwa cikin tsananin sanyi, banishi zai tsuke nan take, alhali katakon da yake manne da shi bai motsa ba tukuna. Tun da ya riga ya yi gautsi, sai ya tsage, a sami siraran layuka kamar saƙar gizo-gizo. Kusan abin da ke faruwa ke nan ga kofin gilashi mai kauri idan aka zuba masa tafasasshen shayi.

Sauran alamomin su ma haka suke. Sashen hasken rana da ido ba ya gani, wato altarabayolet, yana mai da banishi ruwan ɗorawa, yana kuma kashe rini. Jan rinin da aka sa wa Les Paul a 1958 da 1959 ba ya jure rana, shi ya sa da yawansu suka koɗe suka koma launin zuma, launin da yau ake tsada dominsa. Gumi kuwa yana ɗauke da gishiri da ɗan tsami, su ne ke dusashe ƙyallin ƙarafa, su sa noti da kusoshi tsatsa. Daga ƙarshen shekarun 1960 Fender ya koma ga wani banishi mai kauri irin na roba, mai suna foliyesta, wanda da wuya ya tsage ko ya goge. Ta fuskar kare katako ya fi na da nesa ba kusa ba, amma abin mamaki, wannan ingancin ne ya sa wasu suka ƙi shi.

Tun da dai duk waɗannan alamomi aikin zafi ne da haske da gishiri, to ana iya gaggauta su. Mai tsofar da jita yakan ɗumama jikinta sannan ya jefa ta cikin firji, ko ya zana tsagar da reza layi bayan layi. Yakan goge wuraren da hannu da ciki ke taɓawa da samfefa, ya buga mata tarin makullai, ya turara ƙarafunta da tururin asid, ya gasa ta a ƙarƙashin fitilar altarabayolet. Aikin shekara 50 sai a gama shi cikin makonni. Gwanin cikinsu shi ne wanda ya san inda hannun makaɗi ke bi, domin tabon da aka yi a inda hannu ba ya zuwa shi ke tona asiri.

To, sautin fa?

A nan ne gardama take, kuma dole a raba jita gida biyu. A jita mai kogo, wadda ba ta bukatar lantarki, tsirkiya ita kaɗai ba ta iya tura iska sosai, kamar dai yadda tsirkiyar garaya ba za ta yi amo ba in babu ƙoƙo da fata. Girgizarta na ratsawa ne zuwa ga allon fuska, wanda kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, shi ne ke kaɗa iska. Saboda haka halin katakon yana da tasiri. Katako ya ƙunshi manyan sinadarai uku: selulos, da hemiselulos, da liginin. Hemiselulos shi ne ya fi shan danshi, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa, don haka tsohon katako kan ɗan rage nauyi, ya kuma rage shan raɓa. Wannan ma an koyi gaggauta shi. A shekarun 1990 masu bincike a ƙasar Finlan suka inganta hanyar gasa katako a zafin da ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Selsiyas, a inda aka hana iskar oksijin shiga don kada ya kama da wuta. Katakon kan fito ya yi duhu, ya rage motsi da sauyin yanayi, sai dai ya fi saurin karyewa. Masu ƙera jita da dama sun ɗauki wannan dabara.

Amma akwai abin da masu yabon tsofaffin kaya kan manta. Jitocin da kamfanin Martin ya yi a shekarun 1930, waɗanda ake yi wa kallon gagara-badau, sun bambanta da na baya tun ranar da aka ƙera su. An fafe sandunan da ke tallafe allon fuska daga ciki don su yi sauƙi, al'adar da aka bari a 1944, kuma irin itacen fuskar ma an sauya shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Idan sautinsu ya fi daɗi, ƙira ce ta jawo ko shekaru? Sannan kuma waɗanda suka kai yau su ne waɗanda aka ga dacewar adanawa. Marasa kyau an daɗe da watsar da su.

Ita kuwa jitar lantarki labarinta daban ne. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye wajen 8,000 a Stratocaster. Idan tsirkiya ta girgiza sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan kuma ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Wutar ce ake ƙarfafawa a tura lasifika. Maganaɗisu bai san launin fenti ba. Wani masanin sauti na birnin Regensburg a Jamus, Manfred Zollner, ya shafe shekaru yana aune-aune, ya kuma nuna cewa tasirin katakon jiki ƙanƙane ne idan aka gwama shi da na naɗin waya da tsirkiya da na'urar ƙara sauti. Gaskiya ne tsofaffin Les Paul sun bambanta da juna a sauti, amma babban dalili shi ne injinan naɗin wayar na wancan zamani ba sa tsayawa a adadi guda.

Hanya mafi adalci ta raba gardama ita ce a rufe ido. A 2010, a birnin Indianapolis, Claudia Fritz da Joseph Curtin suka ba makaɗa 21 gogen Turawa guda shida, uku sababbi, uku na tsofaffin gwanayen Italiya, Stradivari da Guarneri. An rage hasken ɗaki, an sa wa makaɗan tabarau irin na masu walda, har turare aka ɗiga don kada hanci ya gane tsohon katako. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 sabo suka ɗauka. A 2018 masu bincike na Jami'ar Lancaster a Ingila suka buga sakamakon irin wannan gwaji da jitoci shida da mutum ɗaya ya ƙera, iri ɗaya a komai in ban da katakon baya da gefe, daga mai tsananin tsada na ƙasar Birazil zuwa mai araha. Makaɗa 52 sun ba su maki kusan ɗaya. Malamin kimiyya na iya shirya makamancin wannan a aji da kayan kiɗa biyu da labule, muddin mai saurare bai san wanne ake kaɗawa ba, kuma aka maimaita sau da yawa don kada dace ya shigo.

Wannan bai nuna masu sha'awar ba su da hujja ko kaɗan ba. Wuyan jitar da banishinsa ya goge ya fi santsi a tafin hannu, kuma wanda ke riƙe da kayan da ya riga ya sha duka ba ya fargabar ƙwarzane, sai ya saki jiki ya yi kiɗa. A ganina wannan dalili ne mai kyau, kuma ya fi da'awar sauti ƙarfi. Inda abin ke ɓaci shi ne lokacin da aka sayar da wadda aka tsofar da sunan tsohuwa ta ainihi. Dillalai ma suna da wata raha, wai Les Paul ƙirar 1959 da ke duniya yanzu sun fi waɗanda aka ƙera yawa. Don haka masu tantancewa kan shiga da jita ɗaki mai duhu su haska ta da fitilar altarabayolet, inda tsohon banishi ke yin wani ƙyalli kore-kore, wurin da aka yi wa gyara kuma ya fito dabam. Sukan kwance ta su karanta lambobin da aka buga a jikin maƙunnan ƙara da rage sauti, waɗanda ke nuna shekara da makon da aka yi su. Sukan kuma sa madubin ƙara girma a kan tsagar banishi, domin wadda sanyi ya yi tsagewa ce kawai irin ta gilashi, ita kuwa ta reza takan bar ɗan kwari mai baki biyu a inda kaifin ya bi.